Cutar Parkinson: Abin da magungunan dofamin ke iya yi, da inda ƙarfinsu ya tsaya

A watan Oktoban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗan famfo da mai cutar Parkinson zai ɗaura a jiki, yana ɗiga masa magani a ƙarƙashin fata dare da rana. A watan Afrilun 2025 kuma mujallar Nature ta buga sakamakon gwaji biyu, ɗaya a Japan, ɗaya a Amurka da Kanada, inda aka dasa wa marasa lafiya sabbin ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa. Irin wannan labari kafin ya iso wayoyin mutane a Garwa, Marwa, Kusiri ko Injamena, yakan taƙaita ya koma "an gano maganin rawar jiki". A gefe guda kuma akwai wata tsohuwar magana da ke yawo a gidajen da ke jinyar mai wannan ciwo: wai ƙwayar da ake sha yanzu shekara biyar kawai take aiki, saboda haka gara a jinkirta ta har sai ciwo ya yi tsanani.

Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu. Ta biyun ce dai ta fi shafar talaka, domin ita ce ke sa iyali su yanke shawarar abin da za su saya, ko su ƙi saya, a kantin magani.

Abin da ke ƙarewa a ƙwaƙwalwa

Dofamin sinadari ne da wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Wanda ke kula da motsin jiki ana yin sa ne a wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira baƙin yanki saboda duhun launinsa. Daga nan ake tura shi zuwa sassan da ke tsara tashi da zama, ɗaga ƙafa, juyi a shimfiɗa, rubutu, har da motsin fuska. A cutar Parkinson ƙwayoyin wannan yanki ne ke mutuwa a hankali, kuma ba sa sake tsirowa. Kafin a ga alamar farko, galibi kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Abin da ido ya fi kamawa shi ne karkarwa: hannu ɗaya yana rawa idan an ajiye shi a cinya, babban yatsa na gogar manuniya, amma da an miƙa hannun za a ɗauki kofi sai rawar ta lafa. Sai dai akwai masu Parkinson da ba sa karkarwa sam. Ginshiƙin cutar shi ne nawar jiki da ƙagewar gaɓoɓi. Tela ya fara daɗewa wajen zura zare, dattijo ya fara jan ƙafa a hanyar masallaci, hannunsa ɗaya ya daina lilo idan yana tafiya, tashi daga sujada ya zama aiki. Fuska ta daina nuna fara'a, har yara su riƙa tambayar ko Baba fushi yake yi da su.

Likita James Parkinson ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a Landan a 1817, bayan ya lura da mutum shida. Yawan shekaru ne babban abin da ke kusanto da ita, akwai gado a wasu iyalai, sannan bincike da dama ya danganta ta da daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi, irin farakwat mai kashe ciyawa, abin da ya shafi manoman auduga da albasa kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ne ke da cutar, adadin da ya ninka cikin shekara 25.

Me ya hana a ba da dofamin ɗin kansa?

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shingen da ke tace abin da zai shiga, kuma dofamin ba ya ƙetare shi. Abin da ke ƙetarewa shi ne lebodofa, sinadarin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Swidin ya nuna cewa zomayen da wani magani ya sanƙarar suna miƙewa idan aka ba su ita, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz a Biyana ya auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, ya tarar dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai. A 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a ba da ita ta baki, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har mutanen da suka daɗe a kwance suka tashi suka yi tafiya. Sama da shekara hamsin ke nan, ba a samu ƙwayar da ta fi ta ƙarfi a kan nawar jiki da ƙagewa ba.

Idan aka sha ta ita kaɗai, mafi yawanta tana komawa dofamin tun a hanji da cikin jini, kafin ta isa inda ake buƙatarta, sai ta jawo tashin zuciya da amai da saukar jini. Shi ya sa tun shekarun 1970 ake haɗa ta da wani sinadarin da ke tsare ta a hanya: kabidofa a Sinemet da ire-irensa, bensarazid a Modopar. Lambobi biyun da ake gani a kwali ma'anarsu ke nan. A 250/25, na farko lebodofa ce, na biyu mai tsaron. Jiki na buƙatar kimanin miligiram 75 na kabidofa a rana kafin tsaron ya cika, saboda haka wanda aka fara ba rabin ƙwayar 250/25 sau biyu ko uku a rana yakan fi fama da amai fiye da wanda ya samu 100/25. Mutane da yawa a nan suke ajiye maganin su ce bai karɓe su ba, alhali gyaran awo ne kawai ake buƙata.

Lebodofa ciko take yi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke mutuwa suna ci gaba da mutuwa, ko an sha ko ba a sha ba. Kusan duk iyakokin da za a ambata a ƙasa daga nan suka samo asali.

Shekarun farko, da abin da ke biyo baya

Lebodofa ba ta daɗewa a jini. Cikin kimanin awa ɗaya da rabi, rabin abin da aka sha ya tafi. Amma a shekarun farko mai ciwo ba ya jin wannan, ƙwaya uku a rana tana riƙe shi daga safe har dare, ko ya manta ɗaya ba ya ganin bambanci. Dalili shi ne ƙwayoyin da suka rage a baƙin yanki suna karɓar maganin su adana, su riƙa saki a hankali. Gidan da ke da randa babba bai damu da lokacin da famfo ke kawo ruwa ba. Idan randar ta tsage, shan ruwa sai a daidai sa'ar da famfo ke zuba. Yayin da ƙwayoyin adanawa ke raguwa, motsin mutum sai ya koma bin hawa da saukar maganin a jininsa.

A ɗauki dattijon da ya shekara bakwai da cutar. Da asuba ya farka a ƙage, domin ƙwayar magariba ta daɗe da barin jininsa, buta ma sai an riƙe masa. Ya sha ta farko, ya zauna jira. Bayan minti talatin ko arba'in jiki ya saki, ya sa riga da kansa, ya taka har bakin kasuwa, wanda ya gan shi a lokacin ba zai ce yana da ciwo ba. Kafin azahar ƙafa ta fara nauyi, murya ta yi ƙasa, alhali lokacin ƙwaya ta biyu bai yi ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kifi, ya ci, ya kora da kindirmo, ya sha ƙwaya a kai, sai ta ƙi tashi. Da la'asar, bayan ta uku, wani abu daban ya bayyana: kafaɗa na murɗawa, kai na lilo, ƙafa ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abu uku ne suka faru a wannan yini, kuma kowanne da dalilinsa. Na farko ƙarewar ƙarfin magani kafin lokacin na gaba. Na biyu abinci: lebodofa ta ƙofa ɗaya take shiga jini da ƙwaƙwalwa tare da sinadaran da ke fitowa daga nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa, idan suka yi yawa sai su tare mata hanya. Ga shi cutar kanta tana sa ciki jinkirin sauke abinci zuwa hanji, inda ake tsotse maganin. Shi ya sa ake cewa a sha ta kamar rabin awa kafin abinci ko awa guda bayansa, a kuma raba ta da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wadda ke riƙe ta a hanji. Ba hana tsoho nama ake nufi ba, masu wannan ciwo da ma ramewa suke yi. Wasu dai sukan ji daɗi idan aka mayar da mafi yawan naman zuwa abincin dare.

Na uku shi ne motsin da ba da niyya ba, wanda likitoci ke kira diskiniziya, kuma a nan iyalai suka fi ruɗewa. Karkarwa alama ce ta magani ya yi kaɗan a jiki. Murɗawa da lilon nan kuwa galibi alama ce ta ya kai ƙololuwa. Wanda ya ɗauka abu ɗaya ne, ya ƙara wa Baba ƙwaya don "rawar ta ƙaru", ya ƙara matsalar ne. Ɗan bidiyo na minti ɗaya a waya, da takardar da aka rubuta sa'ar shan magani da sa'ar da abin ya faru, sun fi dogon bayani amfani a gaban likita.

Wani nazari na 2001 da ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa bayan shekara huɗu zuwa shida ana shan lebodofa, kimanin kashi 40 cikin 100 suna fuskantar wannan hawa da sauka, kusan haka kuma suke samun diskiniziya. Daga irin wannan lissafi maganar "shekara biyar" ta fito. Amma maganin bai mutu ba a shekara ta shida, tsarin shan sa ne ke buƙatar sauyi: a rage yawan da ake sha a lokaci guda a ƙara yawan lokutan, ko a haɗa da wani da ke tsawaita zamansa a jiki, kamar Comtan ko Azilect, ko a ƙara amantadin don rage murɗawar.

A fara da wuri, ko a jinkirta?

Masu cewa a jinkirta suna da abin da suka dogara da shi. A shekarun 1990 gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna lebodofa mai yawa tana iya lalata ƙwayoyin da aka raina a faranti, aka fara tsoron ko tana hanzarta cutar. Sannan a 2000 aka buga wani gwaji na shekara biyar inda kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka fara da wani maganin daban mai suna rofinirol suka samu diskiniziya, a kan kashi 45 na waɗanda suka fara da lebodofa. Likitoci da dama a Turai da Amurka suka koma fara wa marasa lafiya da wasu magunguna, suna ajiye lebodofa sai gaba. Wanda ya yi karatu a wancan zamani, abin da aka koya masa ke nan.

Binciken da ya biyo baya ya sauya hoton. A 2014 wani babban gwaji a Birtaniya mai mutum 1,620 ya nuna waɗanda suka fara da lebodofa sun ɗan fi jin daɗin motsi da harkokin yau da kullum, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ajiye magani saboda illa, saɓanin waɗanda suka fara da wasu magungunan. A 2019 wani gwaji a Holan ya raba mutum 445 gida biyu, wasu suka fara nan take, wasu bayan mako 40. Da aka auna su a mako na 80 babu bambanci: lebodofa ba ta hanzarta cutar ba, ba ta kuma rage mata gudu ba.

Hujjar da ta fi kusa da mu daga Gana ta fito. A 2014 Roberto Cilia da abokan aikinsa na Italiya da Gana suka kwatanta marasa lafiya 91 'yan Gana, waɗanda rashin magani ya sa suka makara wajen farawa, da takwarorinsu na Italiya da suka fara da wuri. Da a ce daɗewa kan magani ne ke kawo matsalar, da 'yan Gana sun jima kafin su same ta. Ba haka aka gani ba. Hawa da sauka da diskiniziya sun zo musu a kusan shekarun ciwo ɗaya da na Italiya, wasu ma ba da daɗewa da fara shan ƙwayar ba. Abin da ya fi tasiri shi ne tsawon shekarun cutar da yawan awon da ake sha a rana. Wanda ya jinkirta bai tara wa kansa shekarun lafiya a gaba ba, ya dai rasa waɗanda maganin ya fi aiki a cikinsu.

Abin da ya rage na saɓani ya taƙaita. Waɗanda cutar ta kama suna ƙasa da shekara 50 sun fi saurin samun diskiniziya, kuma wasu likitoci har yanzu sun fi son fara musu da wani abu ko haɗawa. Kowa kuma ya yarda a tsaya a mafi ƙarancin awon da ke biyan buƙata. Ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka a shawararta ta 2021 ta sa lebodofa a gaba ga mafi yawan masu fara magani.

Sauran magungunan da ke cikin takarda

Akwai rukunin da ke kwaikwayon dofamin: ba sa komawa dofamin, suna zama ne a gurbin da yake zama. Sifrol, Requip, Trivastal, Parlodel da filastar Neupro duk nan suke. Sun fi daɗewa a jiki, amma ba su kai lebodofa ƙarfi ba, kuma suna kawo kumburin ƙafa, barcin da ke faɗo wa mutum ba zato, da gane-gane, musamman ga tsofaffi. Direba ko ɗan acaɓa ya kamata ya san batun barcin nan tun ranar farko.

Illar da aka fi ɓoyewa ita ce ta hali. Dofamin yana da hannu a sha'awa da kwaɗayin lada, kuma waɗannan magunguna suna iya sa mutumin kirki ya faɗa caca, kashe kuɗi ba lissafi, cin abinci ba ƙoshi, ko sha'awar jima'i fiye da kima. Wani bincike na 2010 a kan mutum sama da 3,000 a Amurka da Kanada ya sami irin wannan a kashi 17 cikin 100 na masu shan su, a kan kashi 7 na waɗanda ba sa sha. Idan magidancin da bai taɓa caca ba ya fara zuba kuɗi a cacar ƙwallo ta waya, matarsa da 'ya'yansa za su ce hali ya sauya, kunya kuma ta hana a faɗa wa likita. Galibi abin yana lafawa idan an rage maganin, amma a hankali ake ragewa, ba a yanke shi rana ɗaya.

Sai Artane, wanda araharsa da sauƙin samunsa suka sa ake yawan rubuta shi. Shi ba ya cike dofamin ko kaɗan, wani sinadarin daban yake dannewa. Yana rage karkarwa ga wasu, amma kaɗan yake taɓa nawar jiki. Ga wanda ya haura 65 kuwa yana iya kawo ruɗewa da mantuwa, bushewar baki, taurin bayan gida da riƙewar fitsari, balle ga mai kumburin mafitsara irin na tsufa. Yana kuma rage gumi, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Tsohon da ya shekara biyu a kan Artane kaɗai, ba a taɓa gwada masa lebodofa ba, bai fara ainihin maganin cutarsa ba tukuna.

Inda dofamin ba ya kaiwa

Parkinson ba ta tsaya a baƙin yanki ba. Wani furotin da ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin jijiya ana samunsa a jijiyoyin hanji, a sashen jin ƙamshi, da wuraren da ke kula da barci, hawan jini da tunani, waɗanda da wasu sinadarai suke aiki. Shi ya sa taurin bayan gida, rashin jin ƙamshi, da naushi ko ihu cikin mafarki kan riga karkarwa zuwa da shekaru. Shi ya sa kuma, bayan shekara goma ko fiye, abin da ke wahalar da iyali ba shi ne abin da ƙwaya ke gyarawa ba: yawan faɗuwa, ƙwarewa wajen haɗiya wadda ke kai abinci huhu, murya da ba ta fita, jiri idan an miƙe, mantuwa, da ganin mutane ko dabbobin da babu su. Ƙara lebodofa a nan yana iya tsananta jirin da gane-ganen.

Gane-gane ne ya fi sa a karkata ga zancen iska ko sammu. Addu'a ba ta buƙatar a ajiye ƙwaya, kuma abin da ya fi haɗari shi ne a kai tsohon inda za a yi masa allurar Haldol ko Largactil don ya natsu. Waɗannan toshe dofamin suke yi, suna iya sanƙarar da mai Parkinson ya kasa ko juyawa. Primperan da ake bayarwa don amai shi ma haka yake, har yakan jawo wa mai lafiya alamun cutar idan ya daɗe yana sha. Ga faɗuwa da tafiya da murya, motsa jiki na kullum da gashin ƙashi da horon magana suna yin abin da ƙwaya ba ta yi.

Famfo, tiyata da dashe

Famfon da aka amince da shi a 2024 lebodofa ce dai a wata siga, amfaninsa shi ne ya daidaita yawanta a jini don rage hawa da sauka. Tiyatar sa waya mai ɗan lantarki a ƙwaƙwalwa, wadda Alim-Louis Benabid ya fara a Faransa a 1987, tana taimaka wa waɗanda aka zaɓa da kyau, amma in ban da karkarwa, galibi abin da lebodofa ke gyarawa shi take gyarawa. Gwaje-gwajen dashen 2025 kuwa mutum 7 ne a Japan, 12 a Amurka da Kanada, kuma babban abin da aka auna shi ne ko dashen na da haɗari. A watan Fabrairun shekarar aka buga sakamakon wani gwaji a Birtaniya mai mutum 194, na wani maganin ciwon sukari da aka sa ran zai rage wa cutar gudu, bai rage ba. Zuwa yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da ita.

Iyakar da ta fi kusa da mu

A arewacin Kamaru da Chadi, yawancin masu ciwon ba su kai ga matsalolin shekara ta shida ba, a ta farko suke maƙale. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna likitan jijiyoyi 0.03 ga kowane mutum 100,000 a ƙasashe matalauta, a kan 4.75 a ƙasashe masu arziki. A Kamaru mafi yawansu suna Yawunde da Duwala, tafiyar sama da kilomita 1,000 daga Marwa. A Chadi 'yan kaɗan ɗin da ake da su a Injamena suka taru. Sauƙin abin shi ne gane cutar ba ya buƙatar na'ura, da tambaya da duba tafiya da motsin yatsu ake yi, kuma likitan da ba na jijiyoyi ba, idan an horar da shi, zai iya fara ba da maganin ya kuma bi mara lafiya.

Sai kuɗi da samuwa. Lebodofa da kabidofa suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kasancewa a jeri daban, kasancewa a kantin asibitin gunduma daban. Kashin farko na tsarin lafiya ga kowa da Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga mata masu juna biyu, ƙananan yara, wankin ƙoda, tarin fuka da ƙanjamau. Maganin da za a sha har ƙarshen rai daga aljihun 'ya'ya yake fitowa kowane wata. Idan kuɗi ya yanke, sai a rage ƙwaya, ko a koma wurin masu tallar magani a bakin titi, inda kwali ke yini a rana. Hukumar ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A 2022 ƙasashen duniya sun amince da wani shiri da ke son kashi 80 cikin 100 nasu su samar da muhimman magungunan cututtukan jijiyoyi a ƙananan asibitoci kafin 2031.

Yankewar magani kwatsam tana da haɗarin da ya wuce dawowar karkarwa. Wanda ya daɗe yana sha aka tsayar masa rana ɗaya zai iya samun zazzaɓi mai zafi, ƙagewa da gushewar hankali, abin da ke iya kisa, kuma a nan cikin sauƙi za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Idan an kwantar da shi a asibiti don wani ciwon, mai jinya ya tafi da ƙwayoyinsa, ya sanar da ma'aikata sa'o'in da yake sha a gida.

Azumi ma haka. Wanda ke farkon cutar, mai sha sau biyu ko uku, likita na iya sake masa tsari tsakanin sahur da buɗa-baki. Wanda ke sha sau biyar a yini, awa goma sha uku babu magani babu ruwa a cikin zafin bazara yana iya kai shi ƙasa. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwame, kuma magana da likita da malami tun a Sha'aban ta fi gwadawa a ga abin da zai faru.

Batun karara

Tsadar magani ta sa masu bincike suka waiwayi karara, tsiron nan mai yaɗo da gashin kwansonsa ke sa ƙaiƙayi. 'Ya'yanta suna ɗauke da lebodofa ta gaske, kimanin kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na nauyinsu. A 2017 Cilia da abokansa sun gwada garin gasassun 'ya'yan a Bolibiya, suka ga sha ɗaya yana sakin jiki kamar ƙwayar kanti. Masu goyon baya suna cewa ga wanda ba shi da komai, wannan ya fi zama haka.

Da aka gwada shan sa kullum, sai hoton ya sauya: cikin mutum 14, bakwai suka bari, wasu saboda ciwon ciki da tashin zuciya, wasu saboda ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Garin ba shi da kabidofa, don haka ana buƙatar lebodofa ninki uku zuwa biyar kafin a samu abin da ƙwaya ɗaya ke yi, kuma yawan sinadarin yana bambanta daga iri zuwa iri, da kuma yadda aka gasa. Wanda ya haɗa shi da Sinemet ko Modopar ba tare da awo ba, mai tsaron da ke cikin ƙwayar zai buɗe wa na garin hanya, abin da zai isa ƙwaƙwalwa ya ninka, ya jawo diskiniziya, ruɗewa ko faɗuwar jini. A gwaje-gwajen da aka yi, an fara auna yawan lebodofar da ke cikin 'ya'yan a ɗakin bincike, sannan likita ya lissafa wa kowane mara lafiya giram nawa zai sha.